Spinward Marches, Solomani Rim ko Trojan Reach: a wane yanki za ku kafa wasanku na Traveller?

Traveller wasa ne na ba da labari da ake yi a zaune, 'yan wasa suna riƙe da jarumai masu yawo a jirgi tsakanin taurari, kuma dokokinsa ba sa ɗaukar lokaci kafin a gane su. Dayis biyu ne irin na ludo, a jefa, a ƙara da ƙwarewar jarumin da mutum yake riƙe da shi, in jimla ta kai 8 yawanci buƙata ta biya. Mutum ɗaya shi ne alƙalin wasa, shi ke ba da labari da riƙe taswira, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda: wannan matuƙi, wancan injiniya, ɗaya tsohon soja, ɗaya ɗan kasuwa. Marc Miller ne ya tsara wasan, kamfanin Game Designers' Workshop na Amurka ya fitar da shi a 1977. Kamfanin Mongoose Publishing na Ingila ya sake fito da shi a 2008, ya kuma yi bugu na biyu a 2016, wanda shi ne yawancin sababbin shiga suke samu yanzu.

Inda ake tsayawa jan gardama shi ne wurin da za a ajiye labarin. Daula ta Uku, wadda akasarin labaran wasan ke gudana a cikinta ko a gefenta, tana da duniyoyi kimanin 11,000, kuma ba a taɓa yin alƙalin wasan da ya riƙe su duka a ka ba. Yanki ɗaya ake zaɓa. Uku ne suka fi cancanta a auna su ga masu farawa a nan Kano, kuma ni ina da wanda nake goyon baya, ba zan ɓoye ba: Spinward Marches. Amma sauran biyun kowanne yana da mutanen da ya dace da su.

Sai an fahimci yadda tafiya take kafin kwatancen ya yi ma'ana. Kowane yanki taswira ce mai gurabe 32 a faɗi da 40 a tsawo, wato 1,280, an raba ta gundumomi 16, kowace gunduma gurabe 8 sau 10. Gurbi ɗaya fasek ɗaya ne, tafiyar haske ta shekara 3.26. Kumbo yana ƙetare wannan nisa ne da abin da ake kira tsalle. Mafi raunin inji yana tsallake gurbi 1, mafi ƙarfi 6, kuma ko 1 ne ko 6, tsallen mako guda yake ci. Babu rediyo ko waya da ke riga jirgi isa. Wasiƙa ma a jirgi take tafiya, har Daular tana da jiragen gidan waya na musamman masu tsalle 4. Duk wanda kakansa ya ba shi labarin fataken goro da ke zuwa Gwanja ya san irin wannan rayuwa: daga zango sai zango, farashin da aka faɗa maka ya kwana biyu kafin ya iso kunnenka, kuma in rigima ta tashi a hanya madugu ne zai yanke hukunci, don fada ta yi nisa. Bambancin yankunan nan uku kusan duka a kan wannan yake, wato nisan hukuma da kuma irin jirgin da 'yan wasa ke ciki.

Spinward Marches shi ne yankin da aka fara bugawa cikakke daga kamfanin, a wani ɗan siririn littafi na 1979. Duniyoyinsa kimanin 440 ne, kuma yana can bakin iyakar Daula, inda umarnin Sarki Strephon kan shafe watanni masu yawa a hanya kafin ya iso. Saboda haka sarakunan yankin, irin su Norris mai riƙe da Regina, su ke da wuƙa da nama a aikace. Mora ce hedikwatar yankin. Ita da Rhylanor da Trin da Glisten su ne manyan cibiyoyin masana'antu, amma tsakaninsu akwai ɗimbin ƙananan duniyoyi, wasu mutanensu ba su cika unguwa ɗaya ba, tasharsu kuwa fili ce kawai da aka share.

Abin da ya sa nake cewa yankin ya dace da masu farawa shi ne wata doguwar hanya da ake kira Spinward Main, jerin duniyoyi ne da ke maƙwabtaka gurbi da gurbi, ta ratsa mafi yawan gundumomin yankin. Ma'anar haka ita ce jirgin talaka ma yana iya yawo mai nisa. Jirgin talaka a Traveller shi ne ƙaramin jirgin fatauci mai tan 200, mai tsalle 1 kacal. Ga lissafinsa a tsohon bugu: kuɗinsa kiredit (kuɗin cikin wasan) miliyan 37 da 'yan kai, banki yana karɓar kashi 1 cikin 240 na wannan kuɗi kowane wata, wato kimanin 154,500, har tsawon wata 480. Wurin kayansa tan 82 ne, ana biyan 1,000 a kan kowane tan a tsalle ɗaya. In jirgin ya cika maƙil sau biyu a wata, ya samu 164,000. Banki ya kwashe nasa, saura ɗan abin da bai kai kuɗin mai ba, don tataccen mai 500 ne tan ɗaya, ga albashin ma'aikata. Sai an haɗa da fasinja da sayen kaya a sayar, kuma duk da haka wata rana asusu zai yi ƙasa. A ranar ne wani mutum mai sanyin murya zai same ku a tasha ya ce yana da akwati ɗaya da yake so a kai masa duniyar Efate ba tare da an buɗe ba. Alƙalin wasa bai sha wahalar ƙirƙiro dalili ba, bashi ya riga ya yi masa aikin.

A nan akwai abin da ya shafe mu. Wata 480 a kan kashi 1 cikin 240 yana nufin za a biya ninki biyu na kuɗin jirgi, ban da kafin alƙalami. Na ga ɗan wasa, yaron shago ne a Kantin Kwari, ya ɗauki biro ya buga lissafin a bayan takardar jaruminsa, ya ɗago ya ce wa alƙalin wasan, wanda ya girme shi, "Yaya, ai wannan kuɗin ruwa ne tsagwaronsa. Ko a wasa ni ba na sa hannu." Aka yi dariya, amma da gaske yake. To yankin yana da mafita a cikin dokokinsa. Akwai jirgin fatauci mai tan 400 wanda hukuma ke ɗaukar nauyin biyan kuɗinsa, ita kuma ta riƙa karɓar rabin abin da ya shigo, da sharaɗin ya riƙa bin wata hanya da aka tsara masa. Irin wannan jirgi ne March Harrier, wanda aka gina dogon labarin The Traveller Adventure na 1983 a kansa, a gundumar Aramis. Raba riba da mai jari ba baƙon abu ba ne a wurin ɗan kasuwar Kano, kuma matsin bai ragu ba, don mai rabi yana sa ido.

Maƙwabta su ne ɗaya arzikin yankin. Akwai Zhodani, 'yan Adam ne amma sarakunansu suna karanta abin da ke zuciyar mutum, abin da Daula ta haramta a ƙasarta. Sun gwabza da Daula sau huɗu kafin shekarar 1105 da ake fara wasa, na huɗun daga 1082 zuwa 1084, na biyar kuma yana tafe a 1107. Akwai Vargr masu kama da kyarkeci, waɗanda shugabancinsu ya dogara ga kwarjinin mutum, yau ana bin wannan gobe an koma bayan wancan, shi ya sa 'yan fashinsu ba sa ƙarewa a iyaka. Akwai Sword Worlds, masu zafin kai, sun sa wa duniyoyinsu sunayen takubba, Gram ce babbarsu. Ga kuma Darrian, ƙaramar ƙasa mai tsohon ilimi da kowa ke shakka saboda makamin da aka ce tana da shi mai tayar da tauraro. Duk waɗannan a taswira ɗaya, ta yadda tafiyar 'yan makonni za ta kai 'yan wasa wurin mutanen da ba su yi kama da na baya ba. Wani abu da alƙalin wasa zai lura da shi: a zane-zanen littattafan, manyan Zhodani da rawani ake nuna su, kuma su ne abokan gabar Daula. Ba sai an bi zanen ba. Littattafan da kansu sun nuna cewa Zhodani suna ganin al'ummarsu ita ce mai gaskiya da zaman lafiya, mutanen Daula kuwa maƙaryata ne masu ɓoye zuciya, kuma wasan ya fi daɗi in aka ba wannan hujja haƙƙinta.

Aibin yankin shi ne an tattake shi da yawa. Shekaru sama da 40 ana rubutu a kansa, har bugu daban-daban suna saɓa wa juna a ƙananan abubuwa, kuma ɗan wasan da ke da data da son bincike zai iya karanta sirrin labari kafin ranar zama. Maganin wannan a faɗa tun farko cewa abin da alƙalin wasa ya ce shi ne taswira.

Solomani Rim, wanda aka buga a 1982, kishiyar wancan ne ta kusan kowace fuska. Duniyoyinsa kimanin 400 ne, ba su kai na Marches yawa ba, amma tsofaffi ne, cike da jama'a da masana'antu da manyan tashoshi. Kuma a cikinsa duniyarmu take, da sunan Terra. A tarihin wasan, mutanen Terra sun yi kiciɓis da daular Vilani a tauraron Barnard a shekara ta 2096 Miladiyya, suka yi ta yaƙi har suka kayar da ita. Dubban shekaru bayan haka jikokinsu, Solomani, suka ɓalle daga Daula ta Uku, aka yi yaƙi daga 990 zuwa 1002 na kalandar Daula, wanda ya ƙare da sojojin Daula sun kama Terra. A 1105 tana ƙarƙashin mulkin soja. Dingir ce hedikwatar ɓangaren Daula, akwai kuma ƙasar Vegan mai cin gashin kanta da Daula ta kafa bayan yaƙin don ta zama kandagarki.

Lambobin da ake rubuta wa kowace duniya sun isa su nuna bambancin. Na Regina su ne A788899: tasha mai daraja ta ɗaya, iska mai kauri, ruwa ya rufe kashi 80 cikin 100, jama'a ɗaruruwan miliyoyi, gwamnatin ma'aikatan ofis, doka mai tsauri da ta hana fita da makami. Regina ke nan, ɗaya daga cikin fitattun Marches, kuma tsalle kaɗan daga gare ta za ka sauka inda ba mai tambayarka takarda. Na Terra kuwa A867A69-F ne. Harafin A na tsakiya yana nufin jama'a dubban miliyoyi har sun haura biliyan 10, lamba 6 da ke biye tana nufin mulkin da aka ɗora daga waje, F kuma matakin fasaha na 15, ƙololuwar abin da Daula ta kai. A Rim duniyoyi masu irin wannan nauyi suna da yawa. Manyan kamfanonin sufuri sun riƙe hanyoyi, jiragen yaƙi suna sintiri, kwastan ba ya barci. Ƙaramin ɗan fatauci yana iya rayuwa a nan, amma a gefe yake ci, kuma in ya harba bindiga a tasha labarinsa ya ƙare a kotu.

Saboda haka labaran Rim na leƙen asiri ne, da fasa-ƙwauri, da 'yan tawaye, da siyasar jam'iyya. A ɓangaren Solomani jam'iyya ɗaya ce ke mulki, tana da hukumar tsaro da ake kira SolSec mai 'yan rahoto a ko'ina, har ana iya samun ɗaya a cikin ma'aikatan jirginku. Aƙidarsu ita ce ɗan Adam mai asali daga Terra ya fi kowa, shi ya cancanci mulkin taurari. Wannan wuri yana da daɗin wasa ga ɗan Afirka, domin a wannan lissafi mu ma muna cikin zaɓaɓɓun. Ɗan wasa zai tsinci kansa a matsayin wanda aka mamaye ƙasarsa, kuma a lokaci guda ɗan jam'iyyar da ke raina wasu saboda jini. Ƙungiyar da ke jin daɗin doguwar muhawara, irin ɗaliban tarihi ko kimiyyar siyasa na Jami'ar Bayero, za su samu abin taunawa na watanni.

Sai dai nauyin yana kan alƙalin wasa, kuma nauyi ne na gaske. Dole ya riƙe tarihin dubban shekaru a ka, ya fassara shi da Hausa a teburi ba tare da ya mayar da zaman aji ba. Kuma da zarar jirgi ya sauka Terra za a tambaye shi: ina Kano a ƙarni na 57? Dala na nan? Har yanzu ana hawan sallah? Waɗannan masu sauƙi ne, har ma da nishaɗi. Amma tambayar ba za ta tsaya nan ba, wani zai tambayi halin da wurare masu tsarki suke ciki ƙarƙashin sojan mamaya, kuma wannan ba abin da za a jefa wa dayis ba ne. Wanda ya zaɓi Rim ya yanke shawara tun kafin zama na farko a kan iyakar da ba za a ƙetare ba, ko kuma ya ajiye wasan a Dingir da ƙasar Vegan, Terra ta zama wurin da ake jin labarinsa daga nesa. A Marches wannan matsala ba ta tasowa, don Terra ta yi nisan da ba mai zuwa.

Trojan Reach yana maƙwabtaka da Marches, a ƙasansa in an shimfiɗa taswira. Mafi yawansa ba na Daula ba ne. Tarkacen tsohuwar daular Sindal ne, ƙananan duniyoyi kowace da sarkinta, a matse tsakanin Daula da ƙasar Aslan. Su Aslan suna ɗan kama da zaki. Mazansu ba abin da ke gabansu sai mallakar ƙasa da kare girma, matansu ke riƙe da kuɗi da ciniki da fasaha, kuma 'ya'ya maza da ba su gaji filin uba ba sukan fita runduna-runduna neman inda za su kafa nasu. Abin da ya ɗaga sunan yankin shi ne dogon labarin The Pirates of Drinax: Sarki Oleb na Drinax, wanda mulkinsa ya ragu zuwa fada guda mai shawagi a sama bisa ƙonanniyar duniya, ya ba 'yan wasa tsohon jirgin yaƙi mai tsalle 2 da takardar izinin tare jiragen fatake, don su dawo masa da martabar gidansa.

Ta fuskar 'yanci babu kamarsa. Ba banki, ba kwastan ɗin Daula a mafi yawan tashoshi, kuma abin da 'yan wasa suka yi yana canja taswira da gaske, domin ana rubuta matsayin kowace tasha game da su, daga mai ba su mafaka har zuwa mai harbinsu da gani. Amma wannan rubutu shi ne wahalarsa. Wasa ne da ke son mutane ɗaya su riƙa zuwa kowane mako na tsawon lokaci, kowa yana tuna alƙawarin da aka yi wa wane sarki. Akwai kuma abin da bai kamata a yi shiru a kansa ba. Tare hanya da ƙwace kaya da riƙe mutane, a wurin marubucin da ke Turai labarin 'yan fashin teku ne na da. A arewacin Nijeriya kuwa, a cikin mutum biyar da ke zaune a tabarma ba mamaki akwai wanda danginsa suka haɗa kuɗin fansa. A tambayi kowa a keɓe tukuna. Ana iya juya labarin ya zama na rakiyar jiragen fatake da ƙulla ƙawance tsakanin ƙananan sarakuna, yana kuma tafiya a haka, sai dai an cire masa abin da aka gina shi a kai.

Sauran abin dubawa na aljihu ne da na lokaci. Littattafan da Turanci suke, da dala ko fam ake sayensu, yawanci a matsayin fayil a waya. Taswirar yankunan uku kyauta ce a shafin Traveller Map, tare da lambobin kowace duniya, ana iya fitar da gunduma ɗaya a buga ta a babbar takarda a kowane shagon buga takardu na bakin jami'a ko Zoo Road. Bambancin shi ne abin da taswira kaɗai za ta iya yi maka. A Marches, taswira da littafin dokoki sun isa a fara, domin ciniki da bashi suna haifar da labari da kansu. A Rim taswira ba ta gaya maka wa ke ƙin wa ba, sai ka sayi littafin yankin ka karance shi. Labarin Drinax kuwa littattafai uku ne manya.

Zamanmu ma gajere ne. Ko dai tsakanin la'asar da magariba, ko bayan isha'i zuwa lokacin da mai gida zai rufe zaure, kuma kowane mako da wanda ba zai zo ba, wannan ɗaurin aure, wancan ya tafi Legas ɗauko kaya. Tsarin Marches yana jure haka: zama ɗaya, duniya ɗaya, matsala ɗaya, wanda bai zo ba a ce yana cikin jirgi yana gyaran inji. Makircin SolSec ko ƙawancen sarakunan Drinax ba ya jure wa a rasa wanda ya riƙe zaren. Game da dayis, ya kyautu a bayyana wa manyan gida tun wuri cewa ba a sa kuɗi, don wanda ya leƙo ya ga samari sun zagaye tabarma ana jefa ƙwaya, caca zai fara kawowa a ransa.

In ƙungiyarku ta riga ta daɗe tana wasa tare, kuma muhawara ta fi harbi yi muku daɗi, ku tafi Rim. In kuna da mutum huɗu da ba sa fashin zama kuma kun yi maganar fashin a fili kowa ya amince, Trojan Reach zai biya ku. Kowa ban da waɗannan ya ɗauki Marches, kuma kada ya ɗauki yankin duka. Gunduma ɗaya ta isa. Regina ga masu son a ji ƙamshin yaƙi da 'yan leƙen asirin Zhodani, Aramis ga masu son ciniki da hulɗa da Vargr, District 268 ga masu son inda Daula ba ta riga ta kafa tuta sosai ba. Daga District 268 ɗin ma iyakar Trojan Reach ba nisa, in wata rana kuka samu jirgi mai tsalle 2.

A fara kalanda a ranar farko ta 1105. Jirgin fatauci yakan yi mako guda a tsalle, mako guda a tasha, wato kimanin tsalle 25 a shekara in an cire makonnin gyara. Yaƙi na biyar yana ɓarkewa ne a tsakiyar 1107, ke nan akwai tsalle sama da 50 kafin jiragen Zhodani su ƙetaro iyaka. Alƙalin wasa ya riƙe wannan kwanan wata a cikinsa, ya bar 'yan wasa su lura da kansu cewa sojoji sun yawaita a Efate, kuma kwangilar kai kaya Jewell, da ke bakin iyakar Zhodani, ta fara biyan kuɗin da ya wuce hankali.